Darussan ches na buɗewar Faransa da na saya, da sarauniyata da ta tafi a taku na 9

Tun da Ding Liren ya doke Gukesh da buɗewar Faransa (wani salon fara wasa na mai baƙaƙen kaya) a wasan farko na gasar ches ta duniya a Singafo, 2024, na ƙudura sai na koye ta. Sai na ci karo da wani mai koyar da ches da ke sayar da darussan bidiyo ta WhatsApp, da Hausa kuma. Na biya. 

Gaskiya bakinsa na da daɗi. Ya nuna dalilin da mai baƙaƙen kaya ke tura soja zuwa gidan c5 ya ciji na d4, da yadda bishof ɗin c8 ke zama kamar ɗan fursuna bayan e6. 'Yan majalisarmu nan Birnin Kebbi har sun fara kirana Bafaranshe.

To, sai na biya kuɗin mota na tafi gasa Abuja. Zagaye na biyu aka haɗa ni da wani yaro mai lambar FIDE, hukumar ches ta duniya, ko gemu bai fara ba. Ya tura e5, na bi yadda aka koya min: c5, doki c6, sarauniya b6. Sai ya ajiye bishof a d3. Na ci a d4, ya rama, na ga soja zaune babu mai gadi. Na kai doki na ɗauke, muka yi musaya, sarauniyata ta sauka d4 ina murmushi. Yaron ko agogo bai duba ba, ya ɗaga bishof zuwa b5 ya ba sarkina cek, wato harin da dole sai na kare shi tukun. Sarauniyarsa tana d1 tana kallon tawa. Shi ke nan.

Ashe tsohon tarko ne mai sunan Milner-Barry, wani ɗan ches na Ingila, maganinsa kawai a fara ajiye bishof a d7. Darussa goma sha biyu aka yi min alkawari, sha ɗaya suka iso. Wanda ya ɓace shi ne na wannan layin! Na kira mai darussan, na ce, "Malam, mi ya faru da na bakwai?" Ya ce netwok ne, zai turo da dare. Wata biyu ke nan.

Kwaɗayi nawa ne, na yarda, ba shi ya riƙe min hannu ba. Sauran bidiyon ma har yanzu ina kallo. Amma wallahi duk wanda zai saya, ya ƙirga fayil ɗinsa tukun. Jiya na sake tura masa saƙo, ya karanta, ya yi shiru.