Hattara da 'yan "an gani an saya" a kasuwar motocin Abuja

Jama'a, duk mai shirin sayen mota beljiyam a Abuja ya tsaya ya karanta wannan, musamman masu tahowa daga Jos, Lafiya, Kaduna ko Minna da niyyar su saya su juya a ranar. Akwai wasu samari da ke aiki tsakanin hanyar Kubwa, Gwarimpa da Mararaba. Ba su da filin ajiye motoci nasu, ba su da ofis, ba su da suna guda. Aron wuri suke yi a filin wani dila, ko su ce a haɗu a gidan mai. Tallarsu a Facebook da TikTok da WhatsApp take, kuma kalaman ba sa sauyawa: "dairek beljiyam", "fentin farko", "Hajiya ce ke hawa, tafiya ta kama ta", "ko allura ba za ka sa mata ba". Yadda mota za ta zama yanzu ta sauko daga jirgi, kuma a ce Hajiya ta daɗe tana hawa, wannan sai su. Amma mai zumuɗin mota ba ya jin karo a magana.

Kawuna suka yi wa. Ɗan fansho ne a Jos, da kuɗin sallamarsa ya zo. Suka nuna masa Camry fara, suka ce ta 2010 ce, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle. Ko da ya iso injin na aiki, na'urar sanyi na busawa, an wanke injin ƙal har yana ƙyalli. Yaron da ke sayar da motar sai durƙusawa yake yi: "Baba, wallahi kamar mahaifina na ɗauke ka. Wani Alhaji daga Wuse ya ce zai turo kafin alƙalami da la'asar, amma na fi son ta shiga hannun dattijo." Kawu ya ce bari ya kira makanikinsa. Aka ce ai ga makanike nan kusa, kada a wahalar da Baba. Makaniken ya zo ya saka na'urar bincike, ya juyo masa fuskarta, babu matsala ko ɗaya. Aka zaga unguwa a kan shimfiɗaɗɗen titi, aka dawo, aka yi ciniki.

Motar ta wuce Keffi lafiya, ta wuce Akwanga. A Hawan Kibo allurar zafi ta tashi, lagireto ya fara aman ruwa, farin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa. Jan ta aka yi zuwa Jos.

Abin da aka gani da aka buɗe ta shi nake so ku riƙe, don haka suke yi wa kowace mota. Gaskit, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a kan injin, ya daɗe da ƙonewa, sai aka ɗura wa lagireto maganin liƙe ɓula, aka cire tamostat mai daidaita zafin injin, aka haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyi ba tsayawa. A cikin gari motar za ta yi shiru, sai ta haɗu da tudu da kaya asirin ya tonu. An zuba baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙarar injin, shi ya sa ba sa yarda ka tarar da motar a sanyaye. Na'urar binciken ma ba ƙarya ta yi ba, goge bayanan aka yi kafin kawu ya iso. Duk makaniken da ya san aikinsa ya san cewa in an goge su, ko an cire kan batir, kwamfutar motar za ta nuna ba ta gama gwaje-gwajenta ba, sai an yi tafiya mai ɗan tsawo kafin laifin ya sake fitowa. Wancan makaniken bai buɗe wannan shafin ba, don shi ma da kamashonsa a ciki. Fitilar gargaɗin injin kuwa an toshe ta ta bayan dashbod. Gwajin wannan kyauta ne: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole dukkan fitilun su kama, har da ta injin da ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba, an taɓa ta.

Sai babbar ƙaryar. Motar ba ta 2010 ba ce, ta 2007 ce aka sauya mata bamba da fitilu da ragar gaba. Lambar cesis harafi da lamba 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ƙofa, tana cikin takardu. Na goma a jerin shi ke faɗin shekarar motocin da aka yi don kasuwar Amurka: daga 2001 zuwa 2009 lamba ce daga 1 zuwa 9, 2010 kuwa A ce, 2011 B, 2012 C, haka dai. A motar kawu 7 ce zaune a wurin. Injinta ma 2.4 ne, wanda masu Camry ta 2007 zuwa 2009 suka sani da shan baƙin mai, alhali ta 2010 mai silinda huɗu 2.5 take zuwa da shi. Da aka saka lambar a intanet sai ga hotunanta a filin gwanjon motocin inshora na Amurka, gabanta a markaɗe, jakunkunan iska a fashe, kuma tafiyar da ta yi a lokacin ta fi wadda agogonta ke nunawa yanzu. Motocin kamfanonin gwanjon nan, Copart da IAA, ba haramun ba ne, da yawan beljiyam ɗin da ke titunanmu daga can suka fito, kuma akwai dilolin kirki da za su nuna maka hoton haɗarin da kansu su rage maka kuɗi. Ɓoyewar ce ha'inci. Haka motocin ambaliya, irin waɗanda suka yi ta shigowa bayan guguwar Harvey a 2017 da Ian a 2022: ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba shaidar ruwa, ɗaga kafet, leƙa ramin safaya, ka ga ko akwai laka ko tsatsa a ƙafafun kujeru.

To amma ni a ganina ba a jikin mota damfarar ta fi ƙarfi ba. Mota in ta lalace ana gyarawa. Inda suka fi ƙwarewa shi ne su tsara cinikin yadda ranar da rigima ta tashi babu wanda za ka kama. Kuɗin kawu gida uku aka raba su: kaso ɗaya asusun wata mace da aka ce ita ce Hajiyar, kaso ɗaya asusun wani mai POS, sauran a hannu. Rasit kuwa daga ɗan littafin nan da ake sayarwa a kasuwa aka yago shi, babu sunan kamfani, babu lambar cesis, babu shekarar mota. A ƙasa aka rubuta da biro cewa an gani an saya, ba a mayarwa. Da aka kira yaron sai murya ta sauya: "Haba Baba, kai ka ƙona injin, ka hau tudu ba ka duba ruwa ba." Da aka faɗa masa maganar 2007 sai ya ce shi dillali ne kawai, motar ta ogansa ce, ogan yana Kwatano. Mai filin ya ce shi wuri kawai ya ara, ko sisi bai shiga asusunsa ba, kuma a kan wannan gaskiya ya faɗa. Hajiya ba ta ɗaga waya. Kowa ya zame kamar tarwaɗa.

Wannan rubutun na "ba a mayarwa" da suke tsorata mutane da shi, ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC da ke da hedikwata a nan Abuja. Dokar ta ba mai saye haƙƙin karɓar kaya masu aiki, marasa aibi, da suka dace da abin da aka saye su dominsa. Ta hana ɗan kasuwa yin bayanin ƙarya a kan kaya, ta wajabta masa faɗin cewa kaya tsofaffi ne ko gyararru, da ba da rasit na gaskiya. Ta kuma ce cikin wata uku da karɓar kaya, in sun gaza wannan ma'aunin, kana iya mayarwa a gyara, a musanya, ko a dawo maka da kuɗinka. Hukumar ta sha faɗin cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" ya saɓa doka, kuma a 2022 wata babbar kotu a Inugu ta yanke haka a shari'ar wani fasinja da kamfanin sufuri. Kada dai wani ya ɗauka dokar za ta mayar masa da tsohuwar mota sabuwa. Shokazoba mai laushi ko birkin da ya cinye a motar da ta haura shekara 15 ba abin kai ƙara ba ne. Amma 2007 da aka sayar da sunan 2010, da agogon da aka juya, da gaskit da aka liƙe, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kuma ku lura, 'yan kasuwa dokar take kamawa, shi ya sa suke fakewa da labarin Hajiya, don cinikin ya zama kamar na mutum da mutum.

A addini ma ba su da mafaka. Manzon Allah (SAW) ya saka hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce mai algus ba ya tare da shi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayanin cewa aibin da mai sayarwa ya sani ya ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya. Yaron nan da wallahi ya buɗe ciniki, da wallahi ya rufe.

Mutane da yawa caji ofis suke fara rugawa. Ku sani dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, don haka in ka je da "mota ta lalace" za a iya ce maka ka tafi kotu. Abin da ya shafe su shi ne zamba: takardun jabu, lambar cesis da aka sauya, motar sata, yaudarar da kundin dokar laifuka, wato final kod, ya hukunta. Da wannan za ka je, da hujja a hannu. Maganar takardu kuma ba wasa ba ce. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wanda ya ce maka jiya aka fito da ita daga Kwatano ta kan tudu, fasa-ƙwauri yake faɗa maka. In kwastan suka tare ka a hanya takardun suka zama na bogi, motarka za su ɗauke, ba ta dillali ba. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin kuɗi su bar hannunka.

Wanda ya dage sai ya saya, ya zo da makanikensa daga Apo ko duk inda ya yarda da shi, ba wanda aka miƙo masa ba. Ya zo da sassafe injin na sanyi. Ya kunna sanyi ya hau tudun Kugbo da mutane a ciki yana kallon allurar zafi. Kuɗi su tafi asusu ɗaya, mai sunan kamfanin da ke kan rasit, kuma ana iya duba rajistar sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta waya. Wanda ya ce ka kawo tsaba, ka tuna masa dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta haura Naira miliyan 5 ba ta banki ba. A rubuta a yarjejeniya shekarar motar, lambar cesis, abin da agogo ya nuna, da ko ta taɓa haɗari, mai sayarwa ya sa hannu da hoton katin shaidarsa. Ka ɗauki hoton tallar tun kafin a goge ta, ka adana saƙonnin murya. Dila mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, mai jin haushi kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Mun rubuta wa mai filin da yaron takardar neman mayar da kuɗi, mun shigar da koke a FCCPC tare da hotunan gwanjon da rahoton makanike da shaidar tura kuɗi, lauya kuma yana bin asusun da aka tura wa kaso mafi tsoka. Motar tana nan a gareji ba a gyara injin ba, don kada a ce mu muka ɓata. Samarin kuwa sun sauya lambar waya da sunan shafi, sun sake fitowa da Lexus RX 350 baƙa, suna cewa ta 2015 ce. Wani abokina ya je kamar mai saye ya karanto cesis ɗin. Harafi na goma A ne, wato 2010. Duk wanda aka turo masa ita, ko aka taɓa yi masa irin wannan a hanyar Kubwa, ya yi min magana ta akwatin saƙo mu haɗa kokenmu wuri guda.