Littafin karanta zuciya na 'yan rufa-ido, ya ci kuɗinsa kuwa?

Masu tambayata a kan littafin nan da ake sayar wa 'yan rufa-ido, to ga abin da na gani. A ido dai littafin labari ne sak, da bangonsa da sunan marubuci da komai, amma duk shafin da ke ciki da gangan aka tsara shi. Za ka miƙa wa mutum ya buɗe inda ya ga dama, ya zaɓi doguwar kalma ya riƙe a ransa ya rufe littafin, kai kana gefe ka ma juya baya, sai ka fara lalubo haruffan ɗaya bayan ɗaya har ka faɗi kalmar. Bai rubuta komai ba, kai ma ba ka taɓa littafin ba. Wallahi nan wajen yana rikita mutane sosai.

Ba zan tona komai da komai ba, amma dogayen kalmomin ciki 'yan kaɗan ne ake ta juya su, kowacce da harafin farkonta daban, da ka samu harafin farko shikenan aiki ya ƙare. Haddar ba wuya. Wahalar tana wajen karɓar harafin nan ba tare da an ga tambaya ka yi ba, kuma takardar bayanin da ke zuwa da shi ba ta wani tsaya a nan ba, alhali nan ne wasan yake gaba ɗaya, in ka yi saurin faɗin kalmar sai a ce dabara ce, in ka ja da yawa kuma 'yan kallo su fara hamma.

Matsalolinsa: in ɗan kallo ya tsaya karanta shafi guda a tsanake zai ji labarin ba ya tafiya daidai, kar ka bar shi a hannunsa ya daɗe. Da Turanci aka rubuta shi, dole sai mai karatun Turanci. Sannan ba a maimaita shi a gaban mutane ɗaya, kalma na iya sake fitowa.

Ni dai sabon shiga ba zan ce ya fara da shi ba. Gara ya fara da hanyar David Hoy, wani ɗan rufa-ido Ba'amurke, don ita da littattafai na gama-gari ake yinta, ko aro ka yi ta yi, ba abin da take buƙata sai ƙarfin hali da dakewar fuska. Tony Corinda ma, wani ɗan rufa-ido na Ingila, ya ware mataki na 7 cikin littafinsa na koyar da karanta zuciya, 13 Steps to Mentalism, kacokan a kan irin wannan wasan littafi. Amma mai hawa dandamali da yake so ɗan kallo ya zaɓi shafi da kansa ba tilastawa, wannan zai more shi, sai dai ya haɗa shi da wasu littattafai biyu na gaske a kan tebur kar ya zama shi kaɗai ake kallo.