Mahaɗin 'ya'yan poppy da salad cream: ina suka rabu?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce an kawo miki tsarabar kwalbar poppy seed dressing daga Amurka, kina tambaya ko za ki zuba shi a salak ɗin walima a madadin salad cream. Gaskiya ba zan ba ki wannan shawarar ba, don ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

Salad cream kin san shi. Ɗan Ingila ne, kamfanin Heinz ya fito da shi a 1914. Gwaiduwar ƙwai ce da mai da khal, ga kauri ga ɗan tsami, shi ya sa yake riƙe kabeji da karas da dafaffen ƙwai da waken gwangwani.

Shi kuwa na hannunki zaƙi ne a gaba. Wadda ta fito da sunansa ita ce Helen Corbitt, wadda ta kula da ɗakin abinci na kantin Neiman Marcus a Dallas, jihar Texas, a shekarun 1950 da 1960. A awonta, kofi biyu na mai yana cin kofi ɗaya da rabi na sukari, sai khal, ruwan albasa cokali uku, garin mustad, gishiri, da cokali uku na 'ya'yan poppy, waɗannan ƙananan baƙaƙen da kike hangowa a kwalbar, masu ƙaras-ƙaras a haƙori. Ki dubi yawan sukarin nan. In ya haɗu da ƙwai da kifin gwangwani, baƙinki za su ajiye cokali.

Gidansa kayan marmari ne. Ki yanka abarba da gwanda da fiya, ki sa a firij su yi sanyi, ki girgiza kwalbar sosai don 'ya'yan kan kwanta a ƙasa, sannan ki yaryaɗa kaɗan daf da za a ci. Ni a kan fiya da lemun zaƙi na fi son sa. Yana kuma karɓar kabeji da karas zalla, ko dafaffiyar kazar da aka yayyaga.

In ya ƙare kika so haɗa naki, riɗin da aka ɗan soya sama-sama zai tsaya miki, sai dai ƙamshinsa ya fi ƙarfi, ki rage hannu.

Don Allah kada ki sa kwalbar nan a jakar Umara. Daga tsiron da ake samun sinadarin mofin, maganin kashe zafin nan mai sa maye, ake ciro 'ya'yan, Larabawa na kiransu khashkhash, kuma Saudiyya da Dubai sun hana shiga da su.