Hannun jarin Rithm Capital: dala ɗaya a shekara, da abin da ke ƙarƙashinta

Tun da manhajoji irin su Bamboo da Trove suka buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar kasuwar hannun jarin Amurka, ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Sakkwato zai iya sayen hannun jarin New York daga wayarsa. Mai neman rabon riba mai kauri ba zai daɗe yana dubawa ba zai ci karo da RITM, wato Rithm Capital, wanda kafin 2022 ake kira New Residential. Shugabansa Michael Nierenberg ne, kuma babban reshensa Newrez yana cikin manyan masu kula da bashin gidaje a Amurka.

Aikin ya yi kama da na wakilin da ke karɓar haya a Mabera ko Arkilla ya kai wa mai gida, ya cire ladansa. Ba kamfanin ne mai bashin ba. Shi ke karɓar biyan wata-wata daga wanda ya sayi gida da bashi, ya ware harajin gida da inshora, ya tura sauran ga masu jarin, ya bi wanda ya makara. A bashin da ke ƙarƙashin Fannie Mae da Freddie Mac ladan yakan kasance kashi 0.25 cikin ɗari na ragowar bashin a shekara. Bashin dala 300,000 yana kawo dala 750 ke nan, kuma kuɗin na raguwa yadda bashin ke raguwa.

Nan ne mutane da yawa ke fahimtar abin a baibai. Idan kuɗin ruwa ya hau, ba mai son ya rufe tsohon bashinsa mai sauƙi ya ɗauki sabo, don haka ladan zai daɗe yana shigowa, darajar haƙƙin karɓar ta tashi. Idan kuɗin ruwa ya faɗi, mutane su yi rububin sake bashi, tsohon ya rufe, ladan ya yanke nan take. Shi ya sa Rithm ke bayar da sabon bashi da kansa, har ya sayi Caliber Home Loans a 2021, don wanda zai sake bashi ya sake a wurinsa.

Batun rabo kuwa, kamfanin yana cikin rukunin da dokar harajin Amurka ta wajabta wa raba aƙalla kashi 90 na ribar da ake yi wa haraji. Tun ƙarshen 2021 yake biyan santi 25 kan kowane hannun jari duk wata uku, dala ɗaya a shekara. A ce ka sayi 100 a kan dala 11 kowane, ka zuba dala 1,100, rabonka dala 100, kusan kashi 9. Sai dai ba ita za ta shigo asusunka ba. Nijeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, saboda haka ana cire kashi 30 tun daga can, ko ka cike takardar W-8BEN. Saura dala 70, kashi 6 da ɗan ɗori, kafin ladan manhaja da bambancin farashin canji wurin shiga da fita. Kuma dole hannun jarin ya kasance a hannunka kafin ranar da aka yanke ta masu rabo. Wanda ya saya ranar ko bayanta sai zagaye na gaba.

Dokar kashi 90 ba alkawarin adadi ba ce, kuma 2020 ta nuna haka. Kafin annobar korona ana biyan santi 50 duk wata uku. A watan Maris aka mayar da shi santi 5, farashin ya faɗo daga wajen dala 17 zuwa ƙasa da 5. Abu biyu suka haɗu. Kamfanin ya sayi takardun bashi da rancen gajeren lokaci, da farashinsu ya karye masu rancen suka nemi ƙarin jingina, dole ya sayar da asara. Sannan gwamnati ta ba masu gidaje damar jinkirta biya, alhali mai kula da bashi wajibi ne ya biya masu jari daga aljihunsa ya jira a mayar masa, har sai da hukuma ta taƙaita wannan nauyi zuwa wata huɗu a bashin Fannie da Freddie. Rabon ya farfaɗo a hankali, amma ya tsaya a rabin na da.

Don kwatanci, Mr. Cooper, da ke sana'a iri ɗaya, bai saba raba riba ba. Sayen hannun jarinsa ya riƙa yi daga kasuwa, farashin ya yi ta hawa har Rocket ta saye shi a 2025. Kaurin rabo ba shi ke nuna wanda ya fi amfanar mai jari ba.

Ga mai karatu a birnin Shehu akwai tambayar da ta riga duk wannan lissafi. Ladan karɓa kansa kuɗin aiki ne, amma aikin a kan bashin ruwa ake yinsa, kamfanin kuma yana ba da bashin ruwa yana cin rance da ruwa. Ma'aunin AAOIFI da asusun halal ke bi yana cire irin wannan kamfani tun daga nau'in sana'arsa, kafin a duba littafinsa. Wanda wannan ya dame shi yana da sukuk na Gwamnatin Tarayya, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100, ko asusun Lotus na halal da ke kasuwar Legas. Illarsu dai da naira suke, kuma wanda ya ga abin da ya sami naira bayan Yunin 2023 ya san wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Wanda bai damu da wancan ba, RITM ya dace da ɗan ƙaramin kaso na ajiyar dala da ba za a taɓa ba shekara biyar. Kuɗin makarantar yara, jarin albasa da za a juya kafin kaka, ko garatutin da za a ci da shi, ba wurinsu ba ne.