Kati, na'urar naɗar murya ko iPad: wanne za a saya wa wanda magana ke yi wa wuya?

Yaro mai galahanga, wanda a asibitocin Saudiyya ake ce wa tawahhud, idan ya kama cizon hannunsa ko buga kai a bango, galibi akwai abin da yake son faɗa, baki ya ƙi: ƙishirwa, ciwon haƙori, ko hayaniya ta ishe shi. Haka dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, ya ture kwano a ce rigimar tsufa ce. Kafin a kashe riyal ko ɗaya, likita ya duba haƙori da kunne da ciki, don na'ura ba ta maganin ciwo.

Mafi araha shi ne katin hoto. Tsarin da aka fi sani, PECS, Andy Bondy da Lori Frost ne suka fito da shi a Amurka a 1985: yaro ya miƙa hoton ruwa, a ba shi ruwa nan take. Takarda ce kawai da leda mai kauri da ake liƙe ta, kuma shagunan kayan rubutu irin su Jarir ba sa rasa su. Akwai zanuka kyauta a intanet, na ARASAAC daga Sifen da na Tawasol daga Qatar, amma ni na fi son a ɗauki hoton kofinsa na gida, mai tsagewar nan a baki, da burodin tamis ɗin da yake ci da safe. Abin da ya sani ya fi saurin ganewa. Aibin kati shi ne ba ya kira. Uwa na kicin, yaro na ɗaga hoto a falo, ba wanda ya gani. Ga ɓata, kuma farkon koyarwa sai da manya biyu.

A nan na'urar naɗar murya ta yi fice, irin su GoTalk 9+, mai gidajen hoto tara da ke aiki da batir. Kai za ka naɗi maganar, don haka Hausa za ta yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu na Makka da Jidda, inda ake Hausa da kaka, a yi Larabci a makaranta. A sa yayansa ya naɗa, muryar yaro ta fi dacewa da yaro. Tana jure faɗuwa, sai dai kalmominta kaɗan ne, kuma sau da yawa sai an yi odarta.

iPad kuwa kowa shi yake hange. Manhajar Proloquo2Go, da ta fito a 2009, tana da dubban kalmomi, amma a kayan Apple kaɗai take aiki, kuma babu muryar Hausa a cikinta. Manhajar Cboard kyauta ce, a fara gwada ta kafin a biya kuɗin wata manhajar. A tuna kamfanin Apple ya ce kada zafin wurin aiki da iPad ya wuce digiri 35, alhali bazarar Makka tana haura 40; a bar shi a mota, sai ya ɗauke daidai lokacin da ake nemansa. Idan ba a kulle shi a kan manhaja ɗaya ba, YouTube zai koma. Mai jifa da kaya in ransa ya ɓaci kuwa, a saya wa iPad ɗinsa riga mai kauri tun ranar farko.

Shawarata a fara da kati, a ga ko ya gane musayar, sannan a hau na gaba tare da ƙwararren mai koyar da magana. A Jidda akwai cibiyar JISH ta ji da magana. Ko wanne aka zaɓa, kada a cika shi da abinci kaɗai. A sa "a'a", "ciwo", "ya isa" da "mu tafi gida", a koya masa su yana cikin natsuwa, ba sai kuka ya ɓarke ba. Mai zuwa Harami da shi a watan azumi ya haɗa da abin toshe kunne, ya rataya masa katin "mu fita" a wuya.