Takalmi, likita ko abokan gudu: ina mai dawowa daga rauni zai fara sa kuɗinsa a Yamai?

Wanda ciwon gwiwa ko na agara ya zaunar da shi wata biyu ko uku, ranar da ya ji dama-dama kasuwa ce ke fara faɗo masa a rai. Sai ya ɗora wa tsohon takalminsa laifi, ya nufi Babbar Kasuwa ko Wadata neman wani. Kafin ka ciro kuɗi ka riƙe abu ɗaya: takalmi ba ya warkar da rauni. Iyakar aikinsa ya rage wa wata gaɓa nauyi ya ɗora wa wata. In ba ka san gaɓar da ta gaza ba, kana iya sayen wanda zai ƙara mata kaya da kuɗinka.

Kuɗin farko na dubawa ne

Mutum uku ake zuwa wurinsu a garin nan: mai ɗori, likitan ƙashi, da likitan motsa gaɓoɓi wanda aka fi kira kine. Mai ɗori ya fi sauƙin kuɗi kuma yana kusa, sai dai yawancin raunin masu gudun dogon zango ba gocewa ba ne balle a mayar. Gajiya ce ta taru a jijiya ko a ƙashi sannu a hankali, kuma murza da ja da ƙarfi a kan ƙashin da ya fara tsagewa ƙara ɓarna ne.

Likitan ƙashi, a Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde ko wani asibitin kuɗi, shi za ka nufa in ciwon yana wuri guda da za ka iya nunawa da ɗan yatsa a ƙwauri ko a bayan ƙafa, yana tsananta in ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko yana damunka da dare kana kwance. Waɗannan alamun tsagewar ƙashi ne. Ka sani kuma hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga a mako biyu ko uku na farko, don haka hoto mai kyau ba izinin gudu ba ne muddin ciwon na nan. Irinta kan ci mako 6 zuwa 8 ba gudu, wadda ke gaban ƙwauri ko tsakiyar ƙafa ma ta fi haka.

Ciwon agara, da na tafin ƙafa mai soka da safe a takun farko, da na kewayen ƙoƙon gwiwa, aikin kine ne. Gane nagari ba wuya. Wanda kullum ka je tausa ce da fitilar ɗumi ka tashi ka biya, daɗi kawai yake sayar maka. Nagari zai sa ka tsaya da ƙafa ɗaya ya ga yadda ƙugunka ke karkata, ya ba ka atisayen gida da lissafi. Ga agara, sanannen tsari shi ne ka tsaya a bakin matakala, ka ɗaga dunduniya da ƙafa biyu, ka sauke ta a hankali da mai ciwon kaɗai: sau 15 har zagaye uku gwiwa a miƙe, wasu ukun gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, tsawon mako 12. In ciwon daidai inda agarar ta kama ƙashin dunduniya yake, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya ake yi, kada dunduniyar ta wuce ƙasa.

Kada ka sayi takalmi sai ka iya tafiyar sauri ta minti 30 ba ciwo, ka ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya wajen sau 20, ka yi tsalle goma a kanta ba ka yamutsa fuska ba.

Abin da ake dubawa a takalmi

Masu sayarwa launi da sunan kamfani suke nuna maka. Abin da ya shafi rauninka kuwa shi ne tazarar tudu tsakanin dunduniya da gaban ƙafa, wadda ake aunawa da milimita. Nike Pegasus yana da 10. Tsofaffin Hoka Clifton, waɗanda ake yawan tsinta a gwanjo, 5 ne. Yawancin na Altra kuwa babu tazara sam, gaba da baya ɗaya.

Dunduniya mai tudu, 8 zuwa 12, tana sassauta wa agara da sharaɓa, amma gwiwa ce ke ɗaukar abin da aka rage. Mai ƙaramar tazara akasin haka yake yi: gwiwa ta huta, agara da tafin ƙafa su sha aiki. Saboda haka mai fitowa daga ciwon agara ya nemi mai tudu, kuma ya matsa bayan takalmin da yatsa ya tabbata ba zai riƙa gugar wurin ciwon ba. Mai ciwon gwiwa na iya gwada 4 zuwa 6, amma kada ya diro daga 12 zuwa sifili a rana ɗaya, in ba haka ba ya sallami ciwon gwiwa ya karɓi na agara. Mai ciwon tafin ƙafa ko na yatsu ya nemi wanda gabansa ya ɗan ɗaga kamar goshin kwalekwale, mai tauri, wanda ba ya naɗewa a hannu kamar tabarma. Wanda ya sha targaɗe a idon sawu ya guji mai soso mai tsawo da laushi, domin a hanyoyinmu masu rairayi da ramuka tsawon nan shi ke juya ƙafa.

Da yamma ake gwaji, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke wuce digiri 40, ƙafa na ƙara buɗewa, kuma takalmin da ya yi cif a shago shi ke baƙanta farce.

Sabo, gwanjo ko jabu

Sabo na asali yana da tsada. A Turai ma na yau da kullum kan wuce yuro 100, wato sama da jika 65 na sefa, kafin kuɗin kawowa. In ka ga an ce sabo ne fil a kwali amma kuɗinsa bai kai rabin haka ba, ka san inda aka dosa. Jabu yana da kyan gani, ƙasansa kuwa roba ce ko soson da zai kwanta cikin mako kaɗan. Ka ɗaga harshen takalmin ka duba lambar da ke jikin ƴar takardar ciki, ka buga ta a intanet. In hoton da ya fito wani launi ne ko wani samfuri daban, ajiye shi. Warin gam mai hawa kai da ɗinki mai karkata su ma shaida ne.

A ganinmu gwanjo na asali mai sauran rai ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, amma sai an iya zaɓe. Soson takalmin gudu kan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, alhali samansa yana nan kamar jiya aka saya, ballantana an wanke shi an goge. Ga yadda ake bincike:

Ɗora shi a kan tebur ka duba ta baya, idonka daidai da dunduniyar. In ya jingina gefe, ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta wa ƙafarka irinsa. Duba gefen soson fari: ƴan layuka marasa zurfi ba komai, amma tamoji masu zurfi kamar goshin tsoho na nufin ya gama aiki. Zare shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa a gurbin dunduniya da gurbin gaban ƙafa. Mai rai zai nutse ya dawo, matacce zai yi tauri kamar katako ko ka tarar da rami. Sannan ka juya shi: in robar ƙasa ta cinye har soso ya leƙo, a bar shi ko da kyauta ne. Kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar ƙira a takardar harshen. Wanda ya daɗe ainun, ko ba a taka shi sosai ba, gam ɗinsa kan saki, musamman in ya sha rana a shimfiɗe bakin titi.

Zafin ranar nan ne kuma ke kashe wanda ka saya. Kada ka bar shi a but ɗin mota ko a kan rufin kwano don ya bushe. A inuwa ake shanya shi.

In kuɗin ya isa biyu, ka sayi gwanjo biyu masu ɗan bambanci kana musanyawa, domin kowanne da inda yake ɗora nauyi. Amma takalman tsere masu farantin kabon a ciki, irin waɗanda suka yi tashe tun fitowar Nike Vaporfly a 2017, ba na mai jinya ba ne. Kuɗinsu kan kai yuro 250, sosonsu bai da tsawon rai, ga santsi a kan tsakuwa, kuma suna ingiza ka ga saurin da ƙashinka bai shirya masa ba.

Ƙananan kaya da magani

Robar ɗaure gwiwa da ake sayarwa a kantin magani ɗumi take bayarwa da kwanciyar hankali, ba ta ƙara ƙarfi. Maɗaurin idon sawu mai igiya kuwa yana da amfani na gaske ga wanda ya taɓa targaɗe, a watannin farko. Agogon gudu irin na Garmin yana da daɗi, amma wayar da ke aljihunka da manhajar Strava ta ishe ka lissafin kilomita. Abin da ya fi amfani kyauta ne: ƙirga takunka na minti ɗaya, ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ta hanyar gajarta taku. Hakan na rage wa gwiwa duka.

Abin da bai kamata ka saya ba shi ne ƙwayar kashe zafi daga tiren masu talla don ka iya fita. Diclofenac da ibuprofen, in suka haɗu da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, ƙoda suke taɓawa, ga shi sun toshe maka ƙararrawar da jiki ke kaɗawa. Tramol kuwa, ban da jarabar da yake sawa, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a gasa tun farkon 2024. In likita zai rubuta maka ciprofloxacin, kamar yadda ake yawan yi a zazzaɓin taifod, ka gaya masa kana da ciwon agara, domin dangin wannan magani na iya raunana ta har ta tsinke.

Ruwa kuma, ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. Ba sai ka sayi garin kanti ba. Lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da wa za ka yi gudu, kuma a ina

Shi ma wannan zaɓe ne, kuma a nan aka fi sake jin rauni. Akwai masu haɗuwa bayan sallar asuba a kewayen filin wasa na Janar Seyni Kountché ko a hanyar bakin kogi ta Yantala da Gamkale. Ba kuɗi, ba rajista, ga ƙarfin gwiwa, kuma ga mata fita cikin ayari ya fi kwanciyar hankali. Matsalarsu ita ce ba mai tsara gudu: wanda ke gaba shi ke yanke sauri, kai kuma kunya ta hana ka tsayawa. Akwai kulob-kulob da ke ƙarƙashin hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, masu koci da tsari, sai dai hankalinsu na kan matasa masu shirin gasa, atisayensu na sauri ne. Sai kuma abokin gudu ɗaya ko biyu da kuka daidaita, wanda mu shi muka fi so a wata biyun farko.

Kafin ka shiga ayari, yi wa jagoran tambaya uku: kilomita nawa ake yi, akwai rukunin masu tafiya a hankali, kuma wa ke tsayawa da na baya? In ya yi dariya ya ce “ai da ka shigo jiki zai saba”, nemi wasu. In ya tambaye ka wane rauni ka yi kuma tun yaushe, ka samu wurin zama. Zagaye ya fi maka tafiya miƙe, domin a kewayen fili kana iya fita bayan zagaye biyu ka jira su, amma wanda ya haye gadar Kennedy zuwa Harobanda dole ya dawo da ƙafarsa ko ya nemi kabu-kabu.

Rairayi mai zurfi yana da laushi amma yana jan agara ƙwarai, don haka tuddan yashin hayin kogi sai daga baya. Jar ƙasa da ta daddale ita ce madaidaiciya. Gefen kwalta a karkace yake don ruwan sama ya gangara, kuma in kullum gefe ɗaya kake bi, ƙafa ɗaya ce ke shan wahala. Haka ma zagayen mita 400 na filin wasa, a riƙa juya alkibla.

Makon farko: gudu minti 1, tafiya minti 2, sau goma, kwana uku a mako da hutun kwana ɗaya tsakani. Mako na biyu gudu 2 tafiya 1, a ci gaba da tsawaita gudun har ka yi minti 30 ba tsayawa, abin da kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Daga nan ake ƙara nisa kaɗan-kaɗan, sauri kuma shi ne na ƙarshe. Ga ciwon jijiya, ɗan zafi da bai wuce 3 cikin 10 ba (in 10 ne mafi tsanani), wanda ya lafa kafin washegari, ana iya ci gaba da shi. Ga ƙashi babu wannan rangwame, ko kaɗan ka ji ka tsaya. Mai burin rabin gudun fanfalaki, kilomita 21, ya ba kansa aƙalla wata huɗu daga ranar da ya cika minti 30 ɗin nan, ya kuma daidaita dogayen gudunsa su faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da asuba ke da sanyi. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe hayin kogi har ba ka hango shi, a yi atisayen matakala a gida.