Shekara guda da madubin hangen nesa na Celestron Nature DX 8x42 a duwatsun Jos

Tun da na ajiye alli na bar aikin koyarwa, safiyar Asabar ɗina ta zama ta duwatsun gabashin Jos. Ina idar da sallar asuba, in sha shayi, in hau babur in nufi wajen Lamingo tun rana ba ta ɗaga ba. Tsuntsaye ke kai ni. Tun ina yaro nake son su, amma sai da furfura ta fito na samu sukunin zama in kalle su, kuma a lokacin ido ya riga ya fara ja da baya. Abin da ya haɗa ni da madubin hangen nesa ke nan.

Na farkon da na saya, a wani shago ne cikin gari. An lulluɓe shi da roba mai kalar kayan soja, gilashin gabansa ja wur, a jikin kwalin kuma an rubuta 60x60 ɓaro-ɓaro. Mai shagon ya ce mini, "Baba, da wannan daga nan sai ka ƙirga motocin Bukuru." Na biya ina murna. Mako biyu ba su cika ba na fara ganin kurciya ɗaya ta zama biyu, in na daɗe ina kallo kuma sai kaina ya ɗauki ciwo. Da damina ta kankama, raɓa ta shige cikinsa ta zauna, komai ya koma dishi-dishi. Daga baya na ɗora rula a kan gilashin nan da aka ce milimita 60 ne, na ga ko 40 bai kai ba. Kuɗin da na yi asara bai dame ni kamar watannin da na yi ina zargin idona ba, alhali laifin na madubin ne.

Wanda ya warware mini matsalar wani ɗalibi ne da na gamu da shi a hanyar Laminga, kusa da dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun farkon shekarun 2000. Ya gan ni ina fama, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ciro nasa daga wuya ya ce, "Baba, gwada wannan." Na ɗora a ido sai na yi shiru. Hazbiyar da ke kan dutse ta fito tar, har jan da ke kewaye da idonta ina gani. Na juya madubin in ga lambarsa, sai na ga 8x42 kawai.

A tsaye a wurin ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Lambar farko ita ce yawan kusantowa: 8 na nufin abin da ke nisan mita 80 zai zo maka kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. Mu kuwa mun saba ɗauka cewa babbar lamba ita ce babban kaya. To, duk yadda madubi ya kusanto da tsuntsu, haka yake kusanto da rawar hannunka. Daga 12 zuwa sama, sai da ƙafar ɗorawa mutum zai ga abu a natse. Ga kuma wani lissafi da ya burge ni, kasancewata tsohon malamin lissafi: ka raba 42 da 8, ka samu 5.25. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Ƙwayar idon matashi takan buɗe har kusan milimita 7 a cikin duhu, ta dattijo irina kuwa da wuya ta wuce 5. Ke nan 8x42 ya ba idona duk abin da zai iya karɓa da asuba ko gab da magariba. Irin ƙananan nan na aljihu, 8x25, ɗigonsu 3 da 'yan kai ne. Da rana tsaka ba laifi, amma da gari ya yi duhu sai su gaza.

Na yi watanni ina tara kuɗi ina kuma tambaya. Sunaye huɗu ne suka yi ta dawowa: Nikon Prostaff P3, Vortex Diamondback HD, Nikon Aculon A211 da Celestron Nature DX, dukkansu akwai 8x42. Aculon shi ne mai faɗin kafaɗa irin na da, tsarin da ake kira Porro, ya fi sauran sauƙin kuɗi kuma hotonsa na da kyau, sai dai ba a yi shi don shiga ruwa ba, ni kuwa na san abin da saman Jos ke yi a watan Agusta. Diamondback ya fi ƙarfin aljihuna. Tsakanin sauran biyun na ɗauki Nature DX saboda yana iya saita abin da ke kusa har mita 2, kuma ina son kallon malam-buɗe-littafi da ƙadangaru idan tsuntsaye sun yi shiru. A lokacin, kuɗinsa a waje wajen dala 150 ne. Ƙanina ne ya taho mini da shi da zai dawo daga tafiya, na biya shi da naira. Ba zan faɗi adadin ba, don canji ba ya tsayawa wuri ɗaya, amma bai fi kuɗin matsakaiciyar wayar hannu ba.

Yanzu shekara guda ke nan, ya ga damina ya ga hunturu. Abin da na fi yabawa shi ne faɗin filin da yake nunawa, kimanin mita 129 a nisan mita 1,000. Wanda bai taɓa bin ƙaramin tsuntsu cikin ciyawa ba ba zai san darajar wannan ba. Kazar dutse ba ta jira. Tana fitowa daga tsakanin duwatsu da wutsiyarta a ɗage, ta yi taku biyar ta ɓace. Da tsohon madubina, kafin in lalubo inda take ta tafi. Da wannan kuwa, ina ɗagawa tana ciki. Abin murzawa na tsakiya yana da laushi, yatsa ɗaya ya ishe shi, ko da sanyin Disamba ya sandarar da hannu.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wadda na ga ɗan tsuntsun nan da ya sa sunan Filato ya shiga littattafan masana. Wani jinsin baiwar Allah ne mai zama cikin duwatsu, wanda sai a 1998 aka bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Tsawonsa bai fi santimita 10 ko 11 ba. Abin da ke raba namijin da baiwar Allah ta tsakar gida shi ne bayansa ja, kansa ruwan toka, bakinsa kuma shuɗi-shuɗi. In madubi yana jirkita launi, ba za ka taɓa rabe su ba, kuma jan gilashin nan na tsohon nawa duk duniya yake mayarwa kore-kore. Ranar nan na zauna a kan dutse na kai minti goma ina kallonsa yana tsintar ƙwayar ciyawa, ina ta tasbihi. Dajin Amurum kaɗai an ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a cikinsa, ga shi a bakin garinmu, amma yawancinmu ba mu sani ba.

Ruwa ya taɓa kama ni a gindin duwatsun Shere, ba wurin fakewa, na jiƙe sharkaf har madubin. Da na iso gida na goge jikinsa na ajiye shi a buɗe ya sha iska. Ko ɗigon raɓa bai shiga ba, domin an toshe shi an kuma cika cikinsa da iskar naitirojin. Ina sa tabarau, shi ma bai hana ni ba: ana murza kofunan idon su koma ƙasa, sai mai tabarau ya ga filin gaba ɗaya ba tare da baƙin zobe ba.

Ba zan ce ba shi da iyaka ba. Tsakiyar hoton ta fi gefe kaifi. Idan hankaka ya sauka a kan waya rana na bayansa, nakan ga ɗan siririn launin shunayya a inda baƙi ya haɗu da fari. Haka akasarin madubin wannan farashi suke. Masu alamar ED a jikinsu sun rage wannan, kuɗinsu kuma ya ɗara. Nauyinsa ya ɗan haura giram 600, wanda ba komai ba ne a awa ta farko, amma a ta uku wuya yana sanarwa. Na kai wa wani baduku ya ɗinka mini maɗauri mai faɗi, magana ta ƙare.

Ga wanda zai saya, sabo ko na hannu, kada ya biya sai ya riƙe shi. Ka miƙa hannu da shi ka fuskanci haske, ka dubi ɗigon da ke cikin gilashin ido: in ya fito da'ira cikakkiya, gilashin cikin mai kyau ne, irin wanda ake kira BaK-4, in gefunansa sun yi inuwa kamar murabba'i, na ƙasa da shi ne. Ka fita ƙofar shago ka kalli turken wuta mai nisa na minti ɗaya. In ka ji idanunka suna kokawar haɗa hoton, ajiye shi, ko nawa aka rage maka. Ka haska tocilar waya ta gilashin gaba ka duba ko akwai ƙura ko fumfuna a ciki. Sannan akwai ɗan zobe a gilashin idon dama da mutane da yawa ba su san amfaninsa ba. Rufe gilashin dama ka saita na hagu da abin murzawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka saita dama da zoben nan. Sau ɗaya ake yi, sai madubin ya dace da idanunka biyu ko da ƙarfinsu ya bambanta. Da hunturu kuma, don Allah kada a goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, tana karce shi. A hure tukuna, sannan a sa ƙyallensa mai laushi.

Ranar 29 ga Sha'aban na hau tudu da shi tare da maƙwabta muna duban jinjirin wata. Sanarwa ta Fadar Sarkin Musulmi ce, mu dai neman lada muke. Ban bar kowa ya ɗora shi a ido ba sai da rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallon rana da shi ko na ƙiftawar ido yana iya ƙone gani har abada. Haka kuma ba na juya shi wajen gidajen mutane, idan na kusa shingen jami'an tsaro kuma yana cikin jaka. A daji nakan fara yi wa manoma da makiyaya sallama, in miƙa musu su gani da idonsu, sai hankalin kowa ya kwanta.

Jikata mai shekara tara ta fara bina. Takan ce, "Kaka, ba ni in ga shamuwa," amma 8x42 ya yi wa hannunta nauyi, ba ta minti ɗaya take saukewa. Ita 8x32 nake tara mata kuɗinsa, ina fatan ya iso kafin shamuwa ta dawo da ruwan fari.